Inna Lantana Ta Ce Dankali

Gidan Dahala, Sakkwato
6 ga Yuli

Zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina, Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen Kwalkwalawa. Yaya damina, yaya kuma kunnuwan? Allah ya ƙara sauƙi.

Tun zuwan da na yi wurinka bayan ƙaramar salla, muka zauna ina ta ɗaga murya kana ta ce mini "awo" a kan abin da ba ka ji ba, na dawo gida raina a jagule. Ni ba ni da wata sana'a sai magana, kuma in ba za a ji ni ba, ban san abin da zan kawo wa mutum ba. Shi ya sa ka ga ƙafata ta ɗauke. Ka ce in ina da zance in rubuto a takarda da manyan baƙaƙe, tunda ka rantse ba za ka karanta saƙon waya ba. To ga ta nan, Gazali direban bas zai miƙa maka.

Zancen shirinmu ne, "Mi Ac Ciki?", wanda ni da kai muka kafa a Tashar Gulbi muna da sauran baƙin gashi. Yana nan yadda ka bar shi, duk Alhamis bayan isha'i. A rufe abu cikin ƙwarya da faifai, a ba ni alamomi in karanta, masu kallo su bugo waya su canka, su kuma faɗi sunan abin da bakin Sakkwato. Dokarka ma ban taɓa ta ba: mai gabatarwa bai san abin da ke ciki ba, kuma ba a ɗaga faifai sai wani ya canka. Nabila, furodusar da aka ba ni bayan ka ajiye aiki, ita ke rufin yanzu, ita kuma ke sanar da ni a kunne in an canka daidai. Yarinya ce mai hankali.

Abin da ya canza shi ne mutane. Ka tuna yadda ake cika bakin ƙofar tashar tun la'asar, har mai gadi ya riƙa korar jama'a da sanda? Yanzu an tattara bencunan 'yan kallo an jingine su a bayan situdiyo, kyamara ma ba ta waiwayar wurin. Da in na shiga kasuwa mahauta kan ɗaga murfin kwano su ce, "Maccido, mi ac ciki?" Makon jiya na je gyaran waya, saurayin ya ƙura mini ido ya ce kamar ya san ni, ko ni ne mai gyaran agogo na bakin masallaci. Na ce masa ni ne.

Masu bugo waya sun koma biyu. Akwai wani Mu'az tela, sai Inna Lantana ta Ƙofar Rini. Ita wannan tsohuwa ba ta fashi. Sai ta fara ba ni labarin ciwon gwiwarta, ta yi mini faɗa a kan hulata, ta kira ni "ɗan nan" duk da furfurata, sannan ta canka. Ka san tun rasuwar matata Sakinatu gidan nan shiru yake, yaran kuma kowa na garin aikinsa. In na ce maka ba na jiran muryar tsohuwar nan duk mako, na yi ƙarya.

Manaja ya kira ni ya ce ƙarshen Agusta za a duba shirin, don masu talla suna son lokacin nan a sa fim mai dogon zango. Ban yi masa gardama ba. Na dai ce masa muddin akwai mutum ɗaya da ke zaune yana jiran a ɗaga faifan nan, ni ba ni da fuskar da zan tashi in bar shi. Ya yi murmushi, ya raka ni har ƙofa.

Abin da nake son sani, Badaru, ko akwai wani can a ɗaya ɓangaren gilashin. Kai kana kallo?

Ka gaishe mini da mutanen gida. Na bar ka lafiya.

Naka,
Maccido

*

Kwalkwalawa
11 ga Yuli

Maccido mai gyaran agogo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gero ya kai gwiwa, shinkafa kuma sai godiya. Kunnuwa suna nan inda Allah ya manna su, aikinsu yanzu riƙe mini hula.

Takardarka ta zo. Wato sai da duniya ta juya maka baya ka tuna kana da taubashi. Ba komai, na karɓa. Kuma ka daina cewa ba ka da abin kawowa. Wa ya ce maka zance nake nema? Shekara nawa ina zaune kusa da kai a situdiyo kana surutu, a lokacin ma ko rabi ba na saurare.

Awo, ina kallo. In akwai wuta nakan jawo kujera gaban tsohon akwatina in kashe sautin, tunda da shi da babu duk ɗaya ne a wurina, kada in cika wa mutane kunne a banza. Ni kaɗai nake zama. Jikokina kowa ya duƙa kan waya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Rannan na ɗauko maburgi na nuna wa babbar cikinsu, wadda ke jami'a nan kusa da mu, na ce ta faɗi sunansa. Ta juya shi ta juya, ta rubuta mini a takarda wai ko abin sosa baya ne. To wa zai bugo maka waya? Wanda bai taɓa ganin abu a buɗe ba, ina zai canka shi a rufe?

Kada ka ɗauka sun ƙi ka ne. Ba su ƙi ka ba, wucewa kawai suka yi. Wurin mai shayin bakin hanya, inda a da ake tsayar da tafasa in ka ɗora hannu kan faifai, yanzu ƙwallo ake kallo. Tsofaffin da ke musu a kan suna har a kusa dambe, rabi suna maƙabarta, rabi idonsu ko kunnensu ya bi nawa.

Bari in gaya maka abin da kurma ke gani wanda mai kunne ba ya gani. Hular nan taka mai ruwan ƙasa ta gaji, tsohuwar ta yi gaskiya. Ka rame. Kana yawan gyara zaman ƙwarya alhali ba ta karkace ba. Amma da zarar wayar ta yi ƙara ina sani, ba don na ji ba, don fuskarka ce ke buɗewa kamar ta yaron da aka ce ga babansa ya dawo daga Makka. Akwai kiran da kake daɗewa a kai kana dariya har da dafa ƙirji, na san wannan ita ce Lantanar taka. In bazawara ce ka faɗa mini, in ɗaura rawani in je Ƙofar Rini nema maka. Ko ba ta amsa ba ni dai ba zan ji ba.

Batun manaja, kada ka sa shi a rai har ya hana ka cin abinci. Ka yi aikinka yadda ka saba.

Gazali ya ce ba ka biya shi da komai ba sai godiya mai tsawo. Ka riƙa haɗa masa da goro.

Taubashinka,
Badaru

*

Gidan Dahala
22 ga Yuli

Zuwa ga Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya.

Ka ajiye rawaninka. Babu Inna Lantana.

Ba rasuwa ta yi ba. Da rasuwa ce da na san gidan da zan je in yi gaisuwa. Ga yadda aka yi. Shekaranjiya Alhamis na karanta alamomin da Nabila ta ba ni: ƙasa ta haife shi, toka ta dafa shi, yaro na cin sa babu miya. Ban daɗe ba waya ta yi ƙara. Na ji muryar ta ɗan sauya, na ce a raina mura ce ta damina. Ta yi sallama, ta ce gwiwa da sauƙi, ba ta ko taɓa zancen hula ba. Sai ta ce, "Ɗan nan, wannan ai dankali ne."

Na ce, "Inna, mi kinka ce?"

Ta ce, "Na ce dankali ne."

Badaru, kai ka sani, tsohuwar da aka haifa a Ƙofar Rini ko daga barci aka tashe ta kudaku za ta ce. Wannan dankalin bai taɓa kwana a Sakkwato ba. Duk da haka na ba ta hanya, na ce, "Inna, da bakinmu hwa, kin san doka." Sai na ji wani ya raɗa mata "kudaku" daga gefe, kuma raɗar nan na san mai ita, don ita ce ke yi mini magana a kunne duk mako ta ce saura minti kaza. Nabila ce.

Na ɗaga faifai, na yi tafi, na yi wa Inna Lantana barka da cin turmin atamfa. Ka ga fuskata a lokacin, kai za ka gaya mini yadda take, ni ban sani ba.

Da aka rufe shirin na bi baranda zuwa ƙaramin ofishin da ke bayan ɗakin na'urori. Na tarar da Zulaihatu, wata 'yar hidimar ƙasa da aka turo mana daga Kano, tana zaune da waya a hannu, ta naɗe bakin wayar da gefen gyalenta. Tana ganina ta miƙe tsaye. Ashe Khairiyya sakatariya ce ke yin muryar tun farko, to ta tafi hutun haihuwa, aka ce wannan ta riƙe mata. Ta koyi muryar, ta koyi gwiwar, ba wanda ya tuna ya koya mata kudaku. Mu'az tela kuwa Abdulwahabu ne, direban tashar, daga cikin mota yake bugowa.

Na tambayi Nabila tun yaushe. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun bara, Baba. Mun ga kana zaune kana kallon waya ba ta ƙara, shi as sa munka yi. Wallahi ba don mu raina ka na ba."

Ban yi faɗa ba. Ina tsaye sai idona ya kai kan wata kanta, na ga kwalbar man zafin da na saya da azumi na ba Nabila ta aika wa tsohuwar saboda gwiwa. Tana nan a ledarta. Makon da ya biyo bayan aiken har godiya Inna Lantana ta yi mini a waya, ta ce ta samu barci. Akwai kuma ranar da na shiga Ƙofar Rini da ƙafata ina tambayar gidanta don in gaishe ta, aka nuna mini Lantana har uku, babu mai ciwon gwiwa. Na dawo ina cewa laifina ne da ban tambayi sunan mijinta ba.

Kunya nake ji, ba fushi ba. Na tsaya gaban manaja ina bugun ƙirji da mutum ɗaya, ashe murmushin da ya yi ya san ko wace ce. Abin da ya fi ci mini rai kuma, ina kewarta. Jiya da hantsi na kama kaina ina tunanin ko ruwan nan da aka yi ya tayar mata da ciwon.

Na nemi hutu, an ba ni ba tare da an tambayi dalili ba. Ina gida.

Ka gaida iyali. Wassalam.

Maccido

*

Tashar Gulbi, Sakkwato
9 ga Agusta

Zuwa ga Baba Badaru,

Assalamu alaikum warahmatullah. Baba, ina gaishe ka da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Sunana Nabila, ni ce furodusar "Mi Ac Ciki?". Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma kujerarka nake zaune a kai, kuma Baba Maccido ba ya rufe baki da sunanka. Na san ya gaya maka abin da muka yi.

Ba na neman wanke kaina, ina so ne wani babba ya san yadda abin ya fara. Wata Alhamis bara aka kai kusan rabin shiri waya ba ta yi ƙara ba. Baba ya karanta alamomi, ya sake karantawa, ya ce wa masu kallo wataƙila layi ne ya lalace, su yi haƙuri su ci gaba da gwadawa. Layin lafiyarsa ƙalau, ni na gwada da kaina. Khairiyya tana tsaye a bayana, sai na ga tana share hawaye. Ta fita da wayarta. Lantana sunan kakarta ne, gwiwar ma tata ce, Allah ya jiƙanta. Mun ce sau ɗaya ne. Da muka ga yadda ya fito yana fara'a yana ba kowa labarin tsohuwar, muka kasa dainawa.

Tun da ya tafi hutu tsofaffin shirye-shirye muke maimaitawa, kuma babu wanda ya bugo ya tambayi dalili. Manaja ya yanke hukunci: Alhamis ta ƙarshen watan nan za a yi shiri na ƙarshe. Na je gida na gaya wa Baba. Na same shi zaune a tsakar gida da rediyo a kashe. Ya ce zai zo, amma da sharaɗi: kai tsaye za a yi, kuma duk ma'aikacin da ya taɓa waya bai yafe ba.

Baba, tsoro nake ji. Sa'a guda ce cur. In babu wanda ya kira, haka zai zauna gaban kyamara shi da ƙwarya, kuma da wannan za a rufe aikin rayuwarsa. Na roƙe shi mu naɗi shirin ban kwana, mu gayyato tsofaffin da suka taɓa cin kyauta, ya ce shi ba walima ya nema ba. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka rubuta masa ya sassauta.

Ka yafe mini dogon surutu. Allah ya ƙara girma da lafiya.

'Yarka,
Nabila

*

Kwalkwalawa
15 ga Agusta

Maccido,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Gulbi ya cika, yana leƙen gonakin fadama, muna ta addu'a ya tsaya inda yake.

Na daɗe ban amsa ba don ban san ta inda zan kama ba. Gaskiya da na kai wurin dankalin na yi dariya har na ƙware, kada in ɓoye maka. Da na kai wurin man zafi kuma na ninke takardar na fita gona. In kana son ka yi kewar tsohuwar ka yi abinka. Ka saba da ita, kuma sabo ba ya tambayar ko mutum na da gida a Ƙofar Rini.

Ka ce in gaya maka yadda fuskarka take a daren. Ka yi tafi kamar mai kakkaɓe gari daga hannu, haƙoranka a waje, idonka kuma ba ya wurin. Tun a lokacin na san wani abu ya karye.

Na kuma lura maimaici ake yi. Makon jiya sai ga ni a akwati, da gashina da kunnuwana, ina miƙo maka ƙwarya. Na kira jikokin su zo su ga kakansu, suka leƙa, suka koma.

Yarinyar nan Nabila ta rubuto mini in lallashe ka. Ta yi rubutu mai ladabi, kuma ka daina hukunta ta da shiru, tausayi ne ya yi musu yawa. Amma ba zan lallashe ka ba. Dokar nan ni na kafa ta, ba kuma da bakina za a rushe ta ba. Ka je ka yi shi kai tsaye. In an kira, alhamdu lillahi. In ba a kira ba, ka dai san gaskiyar inda kake, ka tashi da ƙafarka.

Abu ɗaya nake so. Ka fuskanci kyamara sosai, ka yi magana a hankali, ka daina kare bakinka da takarda, don in samu in karanta leɓɓanka. Alamomin kuma a rubuta su manya a kwali ka ɗaga. Da ina iya waya da na kira, amma me zan yi da ita, in yi ta magana ban san ko ka ɗauka ba? Zan dai kasance gaban akwati tun kafin a fara. Ka sayi sabuwar hula.

Naka,
Badaru

*

Gidan Dahala
2 ga Satumba

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata gulbi ya ja da baya. An yi iska mai ƙarfi nan cikin gari ranar Alhamis da yamma, ina fata ba ta yi muku ɓarna ba.

To, an gama. Ka gani da idonka, amma bari in ba ka abin da ido ba ya ɗauka.

Na sayi hular, ina fata ka lura. Kafin a fara Nabila ta tattara wayoyin ma'aikata duka a cikin kwando ta ajiye inda zan gan su, ba tare da na ce ta yi ba. Har Khairiyya ta zo da jaririnta a goye, ta tsaya daga bakin ƙofa ta kasa shigowa. Na je na karɓi yaron na yi masa addu'a. Ta buɗe baki za ta yi magana na ce ta bari, don ban san da wace murya za ta fito ba.

Na ɗaga kwalin alamomi kamar yadda ka ce, na daɗe ina riƙe da shi har hannuna ya gaji. Na karanta a hankali. Sannan na jira. Ka san shirun situdiyo, har ƙarar fitilu kana ji. Da jiran ya yi tsawo sai na shiga kiran sunayen abubuwan da muka taɓa rufewa, guro da tonka da gujiya da sure, waɗanda a Kano ake ce wa kuɓewa da barkono da gyaɗa da yakuwa, ina faɗin wanda ya canka kowanne da unguwarsu, iyakar waɗanda na tuna. Ashe na tuna da yawa.

Wajen tsakiyar shiri ka ga na zabura na ɗauki waya. Ta yi ƙara da gaske. Wani mutum ne, ya ce, "Nan na wurin mai gyaran hirji?"

Na ce, "A'a, nan Tashag Gulbi ta. Kana kallonmu?"

Ya ce, "Wane kallo? Hirjina yal lalace, nama na shirin ɓaci."

Na ce masa tunda Allah ya kawo shi, ko zai canka mana abin da ke cikin ƙwarya. Ya ce in yi haƙuri katinsa zai ƙare. Dariyar da ka ga na yi ke nan, kuma ta gaske ce. Wannan shi ne kiran da muka samu.

Da lokaci ya cika na ɗora hannu kan faifai, na ce wa kyamara ba a canka ba, don haka ba a buɗewa. Na yi godiya, na yi sallama. Nabila ta zo tana kuka za ta gaya mini abin da ta rufe, na toshe kunne na ce ta riƙe abinta. Ta dai ce ba abin ruɓewa ba ne. Na ɗaure ƙwaryar da ɗankwalin Sakinatu na taho da ita gida, ga ta nan kan tebur ina kallonta tana kallona. Ba ta da nauyi sosai, kuma ban girgiza ta ba.

Na zaci zan ji kunya a sa'ar nan, ban ji ba, kuma kai ne dalili. Duk lokacin da shirun ya so ya danne ni sai in dubi idon kyamara in ce Badaru na nan, ya jawo kujerarsa. Da kai nake magana tun daga sallamar farko har ta ƙarshe. Na gaya wa manaja mutum ɗaya ya ishe ni, kuma a daren nan na san ina da shi, na gaske, mai gida da suna. Wannan ya wadatar da ni.

Yanzu Alhamis ta zama kamar sauran ranaku, ban san yadda zan yi da ita ba. Amma bar wannan. Ka karanta alamomin, kai ne gwanin rufi. Gaya mini, mi ac ciki?

Ka gaida mutanen gida duka. Na bar ka lafiya.

Naka har kullum,
Maccido

*

Kwalkwalawa
4 ga Satumba

Maccido,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ban gani ba. Iskar nan ta kayar da turakun wuta tun kafin magariba, har yau ba a ɗaga su ba. Na taka cikin ruwa zuwa gidan kallon ƙwallo inda ke da janareta, mai wurin ya rubuta mini a tafin hannu cewa na'urarsa ba ta kama Tashar Gulbi. Na dawo na zauna gaban akwatin a kashe har lokacin da na ƙiyasta ka yi sallama.

Na ɗauki biro da niyyar in ce maka hular ta yi kyau. Na fasa. An yi maka irin wannan ya isa.

Don haka ban san alamomin ba. Ka zo da ƙwaryar ranar Alhamis da la'asar, a ɗaure yadda take, da kwalin. Za ka zauna gabana inda haske ke bugun fuskarka, ka yi mini shirin tun daga farko. Kaina ya tsufa, ban yi maka alkawarin canka a zama ɗaya ba, kuma ka san doka.

Gazali na tashi daga tashar mota bayan azahar. Na ce ya ajiye maka gidan gaba.

Sai ka zo.

Taubashinka,
Badaru